RA'AYINMU: Karatu Daga Nesa Da Amanar Da Ke Wuyan Malami

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan wata mun ga ya dace mu tsaya a kan wata mas'ala da ta shigo mana gida ba tare da dogon sallama ba, wato koyar da darussan manyan makarantu ta hanyar intanet, inda malami yake zaune a Katsina ko Zariya, ɗalibinsa kuwa yana Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, babu abin da ya haɗa su face wayar hannu. Mutane sun kasu kashi biyu a kanta. Wasu suna ganin hanya ce da ta zo don ta raba ɗalibi da tabarmar malami, saboda haka babu alheri a cikinta. Wasu kuma suna ganin ta wadatar, har ma ana iya rufe azuzuwa a huta. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda Allah Ya ƙaddara wa koyar da darussan addinin Musulunci ta wannan hanya a wata babbar makaranta, don haka abin da zai faɗa, daga abin da idonsa ya gani ne da abin da kunnensa ya ji.

Yadda muka tsinci kanmu a nan

Duk wanda ya san ƙasar Pauwa da maƙwabtanta ya san larura ce ta kai mu ga wannan hanya. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona, a cikin watan kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da ya ɗauki wata tara. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga musibar daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora yara sama da 300 cikin daji. Allah cikin rahamarSa Ya sa aka sako su bayan kwana shida, amma gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin, tsoro kuma ya zauna daram a zukatan iyaye. A 2021 aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai dai a zagaya ta Funtuwa. A 2022 kuma aka sake wani yajin aikin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

To, ka duba halin malamin firamare a Faskari da yake son ya ɗaga takardarsa ta NCE zuwa digiri alhali ba zai iya barin aikinsa da gonarsa ba. Ka duba matar aure a Sabuwa da ta kammala sakandare da sakamako mai kyau, ga 'ya'ya, ga hidimar gida. Ka duba limamin ƙauye da ya karanta littattafai a zaure, yana so ya ƙaro ilmin hadisi da usulu a tsare. Waɗannan su ne ɗaliban da muke gani a wannan hanya, kuma da yawansu in ba don ita ba da sun haƙura da karatun har abada.

Karatu daga nesa dai ba yau ya fara ba a ƙasar nan. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, wadda ta yaye ɗimbin malaman firamare ta hanyar littattafan da ake raba musu da haɗuwar ƙarshen mako. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 a zamanin Obasanjo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyarta ta karatu daga nesa. Abin da ya sauya a yau shi ne takarda ta koma waya, gidan waya kuma ya koma intanet.

Hukuncin hanyar a Shari'a

Muna so mu fara kawar da wata shubuha. Akwai masu cewa wannan hanya bidi'a ce tun da magabata ba su san ta ba. Wannan kuskure ne wajen fahimtar ma'anar bidi'a. Bidi'ar da muke yaƙa dare da rana ita ce ƙirƙirar abin da babu shi a cikin addini da nufin neman kusanci ga Allah. Amma kayan aiki da hanyoyin isar da saƙo suna cikin al'amuran duniya, waɗanda asalinsu halacci ne, kuma ƙa'ida ce sananniya wurin malaman usulu cewa wasila tana ɗaukar hukuncin abin da ake nufi da ita. An yi irin wannan jayayya a kan lasifika, an yi a kan rediyo, an yi a kan kaset. Yau wa zai ƙidaya mutanen da suka san tauhidi da Sunna ta hanyar tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda Rediyon Kaduna ya yi shekaru yana watsawa daga Masallacin Sultan Bello har zuwa rasuwarsa a 1992? Da yawan iyayenmu a waɗannan ƙauyuka ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma sun amfana.

Idan muka koma asali, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wasiƙu ga sarakunan Rum da Farisa da Masar da Habasha, ya kuma rubuta wa Amru ɗan Hazmu takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen zakka da diyya don mutanen Yaman. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari shahararriyar wasiƙarsa a kan alƙalanci. Malaman hadisi, irin su Ibnus Salah da ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, sun lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar hadisi, daga cikinsu akwai mukataba, wato malami ya rubuta wa ɗalibinsa da yake nesa. A ƙasarmu ta Hausa kuwa, a ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, inda take koyar da jajoji, su kuma su ɗauki karatun cikin waƙoƙin wa'azi su kai wa matan karkara da ba za su iya zuwa wurinta ba.

Sai dai a nan akwai abin lura, kuma shi ne ginshiƙin maganarmu. A duk waɗannan misalai saƙo bai taɓa tafiya shi kaɗai ba. Annabin da ya aika wasiƙu shi ne ya aika Mus'abu ɗan Umairu Madina ya zauna yana koyarwa, ya aika Mu'azu ɗan Jabal Yaman. Waƙar Nana Asma'u jaji ce take ɗauke da ita, wadda ta zauna gaban malamarta aka tabbatar da ita. Malaman da suka yarda da mukataba su ne suka fifita ji daga bakin malami da karantawa a gabansa bisa sauran hanyoyi, suka ajiye tsintar littafi ba tare da malami ba a matakin ƙarshe. Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Yandoto, da take nan kusa da mu ta yamma, ta yi suna ne a da saboda ɗalibai suna tattaki su je su zauna gaban malamanta. Hanyar halal ce, amma tana da matsayinta, kuma wanda ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ya zalunce ta.

Abin da muka gani a aikace

Adalci shi ne mu fara da alherin. Mun ga ɗalibar da kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki a ajin da maza suka cika ba, amma ta aiko da tambaya ta saƙon murya wadda ta sa malami komawa ga littattafansa. Mun ga darasin da aka naɗa ɗalibi ya saurare shi sau uku ko huɗu har ya zauna masa, abin da ba ya samuwa a lacca ta baki. Mun ga yadda sanin cewa ana naɗar magana yake tilasta wa malami yin muɗala'a kafin ya buɗe baki, domin kuskuren da ya yi a aji yakan tsaya a aji, amma wanda ya yi a naɗe zai zaga wayoyin da bai san adadinsu ba. Wannan kaɗai ni'ima ce ga mai tsoron Allah.

Amma akwai abubuwan da waya ba ta iya ɗauka. Na farko, fuska. Malamin da ke tsaye a aji yana karanta fuskokin ɗalibansa kamar yadda yake karanta littafi. Ya san wanda ya gane, ya san wanda ya ɓace, ya san wanda yunwa ko damuwa ta hana shi natsuwa. A darasin Zoom kuwa sunaye ne jere a kan baƙin allo. Sau nawa muka kira sunan ɗalibi don ya amsa tambaya muka ji shiru, ko muka ji hayaniyar kasuwa, alamar ya kunna wayar ya jefa aljihu ya ci gaba da cinikinsa? Hadisin Jibrilu ya siffanta mana zaman mai neman ilmi: ya zo da tsabta, ya matso kusa har gwiwa ta haɗu da gwiwa, ya natsu. Ana kuma ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi wurin Rabi'a, ta umurce shi da ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin ilminsa. Ladabi kuwa da gani ake koyonsa.

Na biyu, akwai fannonin da ba sa karɓuwa sai baki da baki. Tajwidi da ƙira'a da furucin Larabci suna bukatar malami ya ji harafi sarai, wani lokaci ma ya ga leɓe da harshe. Ta yaya zan bambance wa ɗalibi tsakanin Sin da Sodi, ko Lodi da Zadi, a kan layin da ke yankewa kowane minti biyu?

Na uku, ita kanta hanyar a yankinmu a kan siraɗi take. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Funtuwa, aka yi watanni a haka. Ba muna jayayya da niyyar hukuma ba ne, amma ɗalibin da makarantarsa take cikin wayarsa an rufe masa makaranta ke nan, alhali abokan karatunsa na birane sun ci gaba. Ko a lokacin da layi yake nan, wani sai ya fita bayan gari ya hau tudu kafin ya samu sabis, bayan gari kuwa kowa ya san abin da ke cikinsa a wannan zamani. Ga rashin wutar caji, ga tsadar data, musamman bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Malamin da ya zauna a birni ya aika bidiyon sa'a biyu, sannan ya hukunta wanda bai kalla ba, to ya sani Allah zai tambaye shi.

Na huɗu, ƙofar fitina. Shari'a ta hana keɓancewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, kuma hikimar hanin ba ta gushe don an koma waya. Saƙon da ya fara da tambayar karatu tsakar dare tsakanin malami da ɗaliba, Shaiɗan ya san inda zai kai shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Takardar shaida, shaida ce

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙar. Abin da muke kira satifiket, Larabawa shahada suke ce masa, mu ma a Hausa takardar shaida muke cewa. Lokacin da malami ya rubuta maki ya sa hannu, yana ba da shaida ne a gaban Allah da al'umma cewa wane ya san abu kaza. To, da me zai ba da wannan shaida idan bai taɓa jin muryar ɗalibin ba, bai kuma tabbatar da cewa shi ne ya rubuta amsar ba?

Mai wannan rubutu ya sha karɓar aikin gida daga ɗalibai daban-daban, kalma a kan kalma iri ɗaya, har kuskuren rubutun ɗaya ne. Tun daga ƙarshen 2022 kuma, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bayyana, sai lamarin ya ƙara tsanani. An taɓa kawo mini maƙala mai tsari da daɗin karantawa, a cikinta an jingina wa ɗaya daga cikin littattafan Sunan wani hadisi har da lambarsa. Na bincika ban same shi a can ba, da na tuntuɓi ɗalibin sai ya amsa cewa na'ura ce ta rubuta masa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Satar amsa a lissafi laifi ne, amma jingina wa Manzon Allah abin da bai faɗa ba ya fi ƙarfin laifin jarrabawa, domin alƙawarin azabar da ya zo a kansa yana cikin mafi ingancin abin da aka ruwaito.

Mu tuna hadisin Abu Bakrata, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake lissafa mafi girman zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka tausaya masa. Mu tuna kuma ya barranta daga mai algus. Ɗalibin da muka ba takardar da bai cancanta ba, gobe shi ne malamin 'ya'yanmu a Islamiyya, shi ne limamin Juma'a, shi ne mai raba gado, wataƙila ma shi ne alƙali. Kuma an gargaɗe mu cewa ilmi yana gushewa ne da mutuwar malamai, har mutane su naɗa jahilai su riƙa ba su fatawa, su ɓata su ɓatar. Ƙasar da rashin ilmi da rashin tarbiyya suka jefa ta cikin halin da muke ciki, ba ta da bukatar ƙarin jahilai masu satifiket.

Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya ambaci malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Haka magabata suke. Tambayar farko da ake yi wa mai da'awar ilmi ita ce, a wurin wa ka karanta? Wajibi ne ɗalibin wannan zamani ma ya kasance yana da amsar wannan tambaya, kuma malamin da ya ambata ya kasance ya san shi.

Kiranmu

Na farko, ga 'yan'uwanmu malamai. Ku ji tsoron Allah a kan ɗaliban da ba kwa gani kamar yadda kuke jin kunyar waɗanda kuke gani. Ku gajarta darasi, ku fifita saƙon murya da rubutu marasa cin data bisa dogon bidiyo, ku bar darasin a ajiye don wanda layinsa ya yanke ya riske shi daga baya. Ku ware lokaci sananne na amsa tambayoyi, kuma tambayoyin mata su kasance a zauren da kowa yake gani. Kada ku sa hannu a sakamakon ɗalibin da ba ku taɓa yi masa tambaya ta baki ba, ko da ta minti biyar ce a waya. Wanda ya rubuta abu da kansa ba ya kasa bayaninsa. Duk ayar da aka kawo ko hadisi, a bukaci ɗalibi ya nuna shafin da ya gan shi.

Na biyu, ga hukumomin manyan makarantu. Kada kwaɗayin kuɗin rajista ya sa a tara wa malami guda ɗaliban da ba zai iya sanin ko sunayensu ba. A wajabta haɗuwa ido da ido ko da sau biyu ne a zango, a wuri mafi kusa da aminci ga ɗalibai, a kuma yi jarrabawa a zaune gaban masu sa ido. A yi tanadi na musamman ga ɗaliban yankunan da tsaro ko yankewar layi ya shafa, kada a haɗa musu zafi biyu.

Na uku, ga ɗalibai. Ku gyara niyya. Wanda zai shiga darasi ya yi alwala in ya samu hali, ya nemi wuri mai natsuwa, ya riƙe alƙalami da takarda, ya yi sallama, ya zauna kamar malamin yana gabansa, domin in malami bai gan shi ba Allah Yana ganinsa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kuma kada karatun waya ya hana ku zama gaban malaman garinku. Abin da kuka ji a waya ku kai shi zaure a tace muku.

Na huɗu, ga rassanmu da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Azuzuwanmu da yawa a rufe suke da hantsi ko da dare. Me zai hana kowane reshe ya ware ɗaki guda, a sa masa sola da wurin caji da na'urar intanet, a keɓe wa mata lokacinsu, a kuma wakilta malami guda amintacce da zai riƙa zama da ɗaliban yana gyara musu karatu? Wannan shi ne aikin jaji a zamaninmu. Mawadatanmu kuma su sani sadaka mai gudana ba ta tsaya ga bulo da kwano ba.

Na biyar, ga iyaye da mazaje. Uzurin nisa da haɗarin hanya da cakuɗuwa, wanda ake kawowa don hana mata ƙaro ilmi, wannan hanya ta rage shi ƙwarai. Ku saya musu data kamar yadda kuke sayen cefane, ku rage musu aiki a lokacin darasi, ku kuma sa ido da hikima.

Na ƙarshe, ga gwamnati. Tsaron rayuka shi ne gaba da komai, kuma babu wayar da za ta maye gurbin hanya mai aminci da makaranta a buɗe. Muna roƙon a ci gaba da ƙoƙari a wannan fage, idan kuma wata larura ta sake tilasta katse layuka, a tuna da ɗalibai, a sanar da makarantunsu, a nema musu mafita.

Muna roƙon Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da aiki karɓaɓɓe, Ya sa mu sauke amanar da ke wuyanmu kafin ranar da za a tambaye mu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Pauwa da Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan, muna neman gafarar Ubangiji.